Yadda Ake Rubutu a Vim, a Adana, a Fita

Tambayar yadda ake amfani da Vim, wato manhajar rubutu da gyara fayil, ta yi yawa, musamman daga masu koyon Linux. Ga yadda ake yi:

1. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni.
2. Rubuta `vim gwaji.txt`, ka danna Enter.
3. Danna `i`. Kalmar INSERT za ta fito a ƙasan allo.

Hattara! Muddin ba ka ga INSERT ba, kowane harafi umarni ne. `dd` kaɗai ya isa ya share maka layi sukutum. In hakan ta faru, danna `u`, zai dawo.

4. Yi rubutunka.
5. Danna Esc don fita daga INSERT. Nan ake yawan mantuwa, sai ka tarar da `:w` a tsakiyar rubutunka.
6. Rubuta `:w`, ka danna Enter don adanawa.
7. Rubuta `:q`, ka danna Enter don fita.

In kuwa gyaran bai yi maka ba, `:q!` zai fitar da kai ba tare da adanawa ba.