Hoton da Ake Ɗauka Kafin Aikin Muƙamuƙi: Inda Mutane Suka Fi Yin Kuskure

Ranar da ƙanina ya faɗi da babur a wajen Kawo ya bugi haɓa, bai tsaya ganin likita ba, ya zarce wani wurin ɗaukar hoto ya ce a yi masa hoton kai. Da yamma ya zo min da katon fim a ambulan, bakinsa ba ya rufuwa daidai, yana cewa, "Yaya, ai an ce ba komai." Da likitan tiyatar baki ya sa aka ɗauki wanda ya dace, sai ga karaya biyu, ɗaya a haɓa, ɗaya can kusa da kunne. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa a lanƙwashe yake kamar baka, shi ya sa sau da yawa yakan karye wuri biyu, kuma hoton kai na gama-gari yana iya ɓoye ta biyun. Kuɗin farko sun tafi a banza.

Babban kuskuren ke nan, mutum ya zaɓar wa kansa hoto. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai OPG, wanda na'ura ke zagaya kai ta shimfiɗo haƙora da muƙamuƙi duka a fim guda, kuma galibi da shi ake farawa. CT, da ɗan uwansa CBCT da masu aikin haƙori suka fi amfani da shi, suna yanka ƙashin falle-falle a kwamfuta, likita ya ga kaurinsa da inda jijiyar da ke ratsa cikinsa ta bi. Wannan jijiyar ce ke ba leɓen ƙasa ji, in aka taɓa ta leɓe yakan mutu na wata da watanni, wani lokaci har abada. MRI kuwa na tsoka ne da gaɓar da ke gaban kunne. Ka fara ganin likita, ka riƙe takardar da ya rubuta, in wurin da ka je ba su da irin wanda ya nema kada ka yarda a yi maka "mai kama da shi".

Sai ƙarfe. 'Yan kunne, sarƙa, barimar hanci, fil ɗin da aka maƙale mayafi da shi, haƙorin roba mai cirewa, duk a ajiye su kafin a shiga. Haƙorin Makka da ba ya cirewa, a faɗa wa mai ɗaukar hoton tun farko, domin a CT yakan watsa farin haske ya rufe abin da ke gefensa. A MRI maganar ta wuce ɓata hoto, don na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Mai walda ko maƙerin Panteka da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, da wanda harsashi ya rage a jikinsa, dole su yi bayani. Hajiya, ranar a haƙura da kwalli.

Motsi ma yana ɓata aiki. OPG bai fi daƙiƙa 20 ba: ciji ɗan sandan, manna harshe a ganda, kada ka haɗiyi yawu har na'urar ta tsaya.

Mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa. Kunyar cikin fari ba ta da wuri a ɗakin hoto. Haka in za a ɗura ruwan da ke fito da hoto ta jijiya, akan nemi gwajin ƙoda, a kuma tambayi mai ciwon suga ko yana shan metformin. A zo da kwalin maganin, ya fi "wani fari ne ƙarami".

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na ƙarshe, don bayan an gama komai daidai yake faruwa. Mutum ya yi CT da kuɗi masu yawa, ya hau mota daga Kaduna zuwa asibitin koyarwa na Shika, a ce ina hoton, ya zaro waya ya nuna hoton fim ɗin da ya ɗauka a jikin taga. CT ɗaya ɗaruruwan falle ne, abin da aka buga a fim kaɗan ne daga ciki, rahoton takarda kuma ra'ayin mai karantawa ne. Likitan da zai riƙe wuƙa yana son ya juya ƙashin da kansa, ya auna milimita nawa zai yanke. Don haka kada ka bar wurin sai an ba ka faifan CD, a buɗe shi a gabanka ka ga sunanka da kwanan wata. Fim kuma ba a naɗe shi, ba a barin sa a mota cikin rana.

Tsohon hoto kada a yar, yana nuna wa likita saurin girman kumburi. Amma in an ɗaga aiki wata shida saboda ana haɗa kuɗi, ka sa rai za a ce a sake sabo, ka ware kuɗinsa tun yanzu.