Yadda Ake Koya Wa Tsoka Ƙona Kitse

Tsoka galibi da makamashi iri biyu take aiki: kitse, da sukarin da ta adana mai suna gilaikojin, kimanin giram 400 a jikin babban mutum. Nauyin aiki ne ke zaɓar wanda za ta ci, aikin kuma shi ke tayar da ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, masu tsara abin da za ta ci gobe.

Fara da sassarfar da za ka iya hira a cikinta ba tare da haki ya katse maka magana ba. A nan tsoka ta fi jan kitse. Da ka kwasa a guje sai ta koma kan sukari. Minti 30 zuwa 45 sun isa, bayan sallar asuba, ko a Filin Sukuwa ko a layinku. Kada ka bari rana ta take, domin zafin Afrilu na sa gilaikojin saurin ƙarewa, ga ƙishirwa.

Sa'o'i kaɗan bayan ka gama, ƙwayar gado mai suna PGC-1α za ta ƙara aiki. Ita ke sa a gina ƙarin mitokondiriya, wato murhunan da ake ƙona kitse a ciki. GLUT4, ƙofar shigar sukari, ita ma tana ƙaruwa. Sai dai saƙon da ƙwayoyin gadon ke aikawa ba ya jimawa, kafin kwana guda ya lafa. Nan masu ƙwallon Lahadi kaɗai ke tafka asara. Ka fita aƙalla kwana huɗu a mako, ka haɗa minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Sau ɗaya ko biyu a mako, fita kafin ka sha koko da ƙosai. Yunwa na ɗaga aikin ƙwayar gado mai suna PDK4, mai rage ƙona sukari, dole tsoka ta juya ga kitse. Wannan fa ba ya nufin teɓa za ta narke. In ka dawo ka rama da malmala uku, tana nan daram.

Ware rana ɗaya ta gudu mai ƙarfi: minti 1 gudu, minti 2 tafiya, sau 6. Bayan nan ci ƙwai ko wake.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin kada ya fita da yunwa sai likita ya amince. Rawar jiki, jiri da zufa mai sanyi alamun faɗuwar suga ne. A tsaya nan take a ci dabino uku.