Yadda zaka gano sunan kimiyya na dabba kuma ka rubuta shi daidai

Jama'a assalamu alaikum, musamman ƙannena ɗaliban lise da ke fama da SVT, wato darasin ilimin halittu da na ƙasa, a Garwa da Marwa da Ngawundare, da 'yan uwa masunta da masu yawo daji masu ɗaukar hoto da waya. Abinda nake so in koya muku yau shine yadda mutum zai ga dabba ya bi ta mataki mataki har ya kai ga sunanta na kimiyya, ya rubuta shi yadda ko a Japan aka karanta za'a gane wace dabba yake nufi. Mu nan arewacin Kamaru da Chadi mun fi kowa buƙatar wannan abu saboda yaruka sun mana yawa, dabba ɗaya Bahaushe yace kura, Bafulatani yace fowru, Balaraben Njamena yace marfa'in, a lekol kuma a faɗa maka da Faransanci, kuma duk da haka ba'a gama magana ba domin kurayen namu iri biyu ne.

Toh fara da sunan da ka sani na Hausa, kar ka raina shi ko kaɗan, tsofaffin maharba da masunta sun riga sun raba dabbobi da yawa daidai yadda masana suka raba su. Guza da damo misali, guza na bakin ruwa mai dogon jiki shine Varanus niloticus, damo na tudu mai gajeren kai da kauri shine Varanus exanthematicus. Kura mai ɗigo ɗigo da kunnuwa zagayayyu itace Crocuta crocuta, sayaki mai zane zane da kunnuwa masu tsini da geza har gadon baya itace Hyaena hyaena. Amma akwai inda sunan namu yake kwaso abubuwa da yawa a buhu ɗaya, anan ne aikin yake, zan dawo kansa idan mun zo kifi.

Shi sunan kimiyya kalma biyu ne, ka ɗauke shi kamar sunan gida da sunan yanka, sai dai na gidan ne ke zuwa farko. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya daidaita tsarin, kuma bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae wanda ya fito a 1758 shi aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen dabbobi, duk sunan da ya riga wannan ba'a lissafa shi. Zaki Panthera leo, damisa Panthera pardus, kaga gida ɗaya suke kenan. Wajen rubutu kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu ƙaramin baƙi ne ko da sunan mutum ko na gari aka samo ta, a kwamfuta ana karkatar da rubutun, idan da biro ne a kaye sai ka ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban. Idan ka riga ka rubuta cikakken sunan sau ɗaya kana iya gajarta na gidan kace P. leo. Dan Allah ku kula da wannan ƙaramin baƙin, Panthera Leo da babban L kuskure ne kuma malami na da gaskiya idan ya cire maki.

Sama da gida akwai dangi, sama da dangi rukuni, sai aji, sai babban reshe, sai masarauta ta dabbobi gaba ɗaya. Abinda zai taimake ka shine sunan dangi a dabbobi kullum da idae yake ƙarewa, Felidae su zaki da damisa da kyanwa, Hyaenidae su kura, Bovidae su ɓauna da gwanki da barewa har da shanunmu da awaki. Da ka ga idae ka san dangi ne. Kuma kar kama ta ruɗe ka, kura kamar kare take a ido amma ta fi kusa da ɓangaren kyanwa.

Akwai wani abu da ɗalibai basu cika lura da shi ba kuma ni ina ganin yafi komai daɗi a harkar. Bayan sunan zaka ga an sa sunan mutum da shekara, wato wanda ya fara siffanta dabbar da lokacin da yayi. Dorina ana rubuta ta Hippopotamus amphibius Linnaeus, 1758 haka a buɗe, amma zaki Panthera leo (Linnaeus, 1758) a cikin baka. Bakan nan ba ado bane, yana gaya maka cewa an canza ma dabbar gida bayan an raɗa mata suna, shi Linnaeus Felis leo ya kira zaki, gida ɗaya da kyanwa, daga baya aka maida shi Panthera. Saboda haka idan kana kwafar suna ka kwafe shi da bakansa in yana da shi, in bashi da shi kar ka ƙara masa don kawai kana ganin yafi kyau.

Yanzu mu sauka wajen aiki. Kaje kasuwar kifi ko bakin dam na Lagdo da safe lokacin da jirage ke dawowa, ka roƙi mai kifi ya baka izini, ka shimfiɗa kifin a kan buhu kansa na kallon hagu, ka buɗe ƙayar bayansa da yatsa ka baza wutsiyar, ka ajiye biro ko rula a gefe don a san tsawonsa sannan ka ɗauka. Hoton kifi a cikin tarin kwando bashi da amfani. Abinda muke kira karfasa aƙalla kifi uku ne a ruwayenmu, idan ka ga wutsiyar da layuka siririya a tsaye jere da juna har ƙarshe toh Oreochromis niloticus ce, akwai mai haske kamar azurfa wadda wutsiyarta bata da waɗannan layukan Sarotherodon galilaeus, sai mai jan ƙirji lokacin ƙwai wadda tsofaffin littattafai ke kira Tilapia zillii yanzu kuma Coptodon zillii. Haka tarwaɗa da ramboshi, duba baya, tarwaɗa wato gidan Clarias ƙayar bayanta doguwa ce guda ɗaya har kusa da wutsiya, shi ramboshi na gidan Heterobranchus ƙayar ta tsaya a tsakiya sai wani tsoka mai kitse mara ƙashi ya biyo baya. Amma ita tarwaɗar kanta biyu ce, Clarias gariepinus da Clarias anguillaris, kuma wallahi a ido kusan baka raba su, sai an ɗaga murfin kunnen kifin an ƙirga ƙananan tsinkayen dake wajen numfashinsa, na gariepinus sun fi yawa. Idan baka ƙirga ba kar ka yanke hukunci, rubuta Clarias sp. kawai, ma'ana na san gidan ban tabbatar da jinsin ba. Idan kana da zato mai ƙarfi sai ka rubuta Clarias cf. gariepinus. Masana da kansu haka suke yi, kuma ni nafi girmama wanda ya rubuta sp. akan wanda ya cika suna da ka.

Maciji kam daga nesa, da zum na waya, kar ka taɓa ko da kana ganin ya mutu. Kuma anan ne zaka gane cewa suna ba wasan 'yan boko bane, domin maganin dafin da ake yi don kububuwa ta gidan Echis ba lallai yayi aiki akan cizon wani macijin ba, likita na son sanin wanne ne.

Duk hoton da ka ɗauka ka rubuta abu huɗu tare da shi, rana da wata da shekara, sunan wurin da garin da yafi kusa, irin wajen wato fadama ce ko dutse ko gona ko kogi, sai sunan da mutanen wurin ke kiran dabbar da yaren da suka faɗa. Ka kunna GPS na wayar in da hali.

Wurin nan da nace ka rubuta shine rabin amsar, domin kowace dabba da inda Allah ya ajiye ta, kuma akwai ilimi guda akan haka. Tun 1858 wani Bature ɗan Ingila Philip Sclater ya raba duniya yanki shida bisa tsuntsaye, Alfred Russel Wallace ya faɗaɗa abin a 1876 ya haɗa sauran dabbobi. Mu muna yankin Afirka kudu da Sahara, arewacin hamada kuma lissafinsa da Turai yake tafiya. Amfanin wannan gareka shine idan manhaja ko wani littafi ya baka sunan dabbar da aka sani a Indiya ko Afirka ta Kudu kaɗai, kai kuma a Mora ka ganta, toh ka koma ka sake dubawa, kusan kullum kai ne ko manhajar kuka yi kuskure.

Dubi raƙumin dawa. Shekaru da yawa ana rubuta na gandun dajin Waza da na Binuwai a matsayin Giraffa camelopardalis peralta, suna uku kenan, na ukun ƙaramin jinsi ne na wani yanki. Sai a 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa namu na arewacin Kamaru da na Zakuma a Chadi duk antiquorum ne, irin na yankin Kordofan a Sudan, shi peralta na gaskiya a Nijar kaɗai ya rage, musamman wajen Kure kusa da Yamai. Kaga da canjin suna ɗaya sai aka gane cewa na Nijar ɗin 'yan kaɗan ne suka saura a duniya gaba ɗaya, dole a tashi tsaye a kansu. Giwa ma haka, ta dajin Waza da Buba Njida Loxodonta africana ce, ta kurmin kudancin Kamaru mai ƙananan kunnuwa da miƙaƙƙen haure Loxodonta cyclotis, tun 2021 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ke lissafa su daban daban.

Ruwa ma yana da nasa tarihin. Giwan ruwa da muke ci a Garwa da Kuseri sunansa Lates niloticus, da sunan kogin Nilu, saboda kifayen tafkin Chadi da Neja da Binuwai da Nilu kusan iri ɗaya ne, a zamanin da Sahara ke da ruwa waɗannan koguna sun sha haɗuwa, har yau idan damina tayi ƙarfi ruwan Logon na malala ta fadamun Tupuri ya faɗa Mayo Kebbi ya gangara Binuwai. Amma ayu, Trichechus senegalensis, ana samunsa a tafkin Lere da Trene na Chadi wanda ke ɓangaren Binuwai, gangaren ruwan Gauthiot dake kan Mayo Kebbi ya tare masa hanyar haurawa Logon. Sai kada, wanda kowa ke kira Crocodylus niloticus har binciken 2011 ya tabbatar cewa na yammaci da tsakiyar Afirka jinsi ne daban, har da 'yan tsirarun da suka maƙale a tafkin Archei cikin duwatsun Ennedi tsakiyar hamada. Da aka zo sa masa suna ba'a ƙirƙiro sabo ba, an koma an ɗauko Crocodylus suchus wanda wani Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ya raɗa tun 1807, domin doka tace sunan da ya riga shi ke da haƙƙi. Dokar tana cikin kundin ƙa'idojin sunayen dabbobi na duniya da ake kira ICZN, bugu na 4 ya fito 1999.

Wannan yasa kafin ka miƙa aikinka ka duba ko sunan na nan ko ya canza. Barewa a tsohon littafi Gazella rufifrons ce, yanzu Eudorcas rufifrons. Shiga shafin intanet na Catalogue of Life ko GBIF ka buga sunan zasu nuna maka wanda ake amfani da shi da tsofaffin, kifi kuma FishBase. Hoton ka ɗora a iNaturalist, manhajar zata baka zato amma kar ka karɓa nan take, jira mutanen da suka san dabbar su duba. Abin na min ciwo idan na buɗe taswirar naga Turai da Afirka ta Kudu cike da ɗigo, namu yankin kuma fili fetal, alhali shamuwa Ciconia abdimii na sheƙa a kan bishiyar tsakar gidajenmu duk farkon damina, gauraka Balearica pavonina na yawo a fadamun Logon, ba wanda ya rubuta. Idan dabbar da mafarauta ke nema ce kamar giwa ko zaki ko raƙumin dawa ka ɓoye ainihin wurin, kar ka sa shi a Facebook, karkandar arewacin Kamaru Diceros bicornis longipes farauta ce ta cinye ta, an neme ta a 2006 ba'a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya.

Idan kuma ka bi duk wannan kana ganin abinda ka samu babu shi a littafi, kar kayi saurin cewa ka gano sabuwar dabba ka sa mata sunanka a WhatsApp, hakan baya zama suna. Sai an ajiye samfuri guda a gidan adana kayan tarihi wanda sunan zai rataya a kansa, an kwatanta shi da duk 'yan gidansu, an buga bayanin a mujallar kimiyya. Kuma abin na faruwa a nan kusa damu, a 2018 aka ware wata kububuwa ta yankin kudancin Chadi da arewacin Kamaru aka bata suna Echis romani, da can duk Echis ocellatus ake ce mata. Kai naka shine ka haɗa hotunan da rana da wurin ka kai ma malaman makarantar namun daji ta Garwa wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji tun 1970, ko sashen ilimin halittu na jami'ar Ngawundare ko ta Marwa ko ta Njamena, kuma kar ka kashe ko ka kama dabbar da doka ta kare don kana son kai samfuri, wannan sai da takardar izini daga ma'aikatar gandun daji.