Kafin ka kira shugabanka notorious

'Yan uwa masu rubuta jawabi ko takardar neman aiki da Turanci, a yi hattara da ɗauko kalma mai nauyi don kawai a burge mutane.

Kwanaki ƙanena ya kawo mini jawabin ban kwana da zai karanta wa shugaban makarantarsu. Ya ga famous ta yi masa araha, sai ya rangaɗa notorious. Na ce, "Kai, yabonsa za ka yi ko tonon asiri?" Duka biyun shahara ce, amma notorious ta mai ƙaurin suna ce, irin ɓarawon da duk unguwa ta san da zamansa. Infamous ma tafiyarsu ɗaya. In girmamawa ake so, ga renowned, ga eminent.

Abin da nake yi: ba na tsayawa a ma'anar ƙamus, sai na karanta jimlolin misali na ga da wa kalmar take yawo. Notorious kusan kullum tana maƙale da criminal.

Akwai kuma disinterested. Alƙalin da ba shi da wata moriya a shari'a ke nan, abin so. Uninterested kuwa ko oho, gyangyaɗi ma yake yi.