Yadda Ake Amfani da AI a Furojet Ba Tare da Ya Kunyata Ka Ranar Difens Ba

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, duk ɗalibin da ke da waya ya samu mai taya shi rubutu, ga kuma Meta AI da ya biyo mu har cikin WhatsApp. Ƙannenmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da ke karatu a UNILAG da LASU da Yabatech sukan kawo min furojet in duba musu kafin ya je gun malami, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Ga yadda za ka bi.

Da farko tambayi sufabaizanka me ya halatta. Wani malamin ya yarda da gyaran nahawu kawai, wani ko sunan abin ba ya son ji. Ka tura masa saƙo don amsar ta zama a rubuce, saboda ranar da magana ta taso, "ai kin ce" ba hujja ba ce.

Na biyu, babi na ɗaya naka ne, kada ka bar wa na'ura. Matsalar da kake bincike a kai da dalilin zaɓenta, kai ka san su. Rubuta da Turancinka komai gurguntakarsa, sannan ka liƙa wa ChatGPT ka ce ya nuna maka inda hujjar ta yi rauni da tambayoyin da mai jarrabawa zai iya jefo maka. A nan yake da amfani sosai. Kuma na kyauta ya wadatar, kada ka ɓata dala 20 duk wata, sayi data da ita.

Na uku shi ne manazarta, kuma a nan zan daɗe. Ƙirƙirarriyar basira (AI) irin wannan aikinta hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, ba ma'ajiyar littattafai ba ce. Idan ka ce ta ba ka takardu goma kan 'yan tumatir na kasuwar Mile 12, za ta jero su tsaf: sunan farfesa da ka taɓa ji, mujallar da ake bugawa da gaske, shekara, har lambar shafi. Sai ka je nema ka tarar babu takardar a duniya. Batutuwanmu na gida, da ba a yi rubutu da yawa a kansu a intanet ba, su suka fi shan wannan ƙage.

Saboda haka kowace takarda sai ta bi ta hannunka. Kwafi takenta ka saka a Google Scholar. In da lambar DOI, wato lambar shaidar takardar bincike a intanet, kai ta shafin doi.org ka ga ina za ta buɗe. Sau da yawa sai ta kai ka wani aiki daban da ba ruwansa da batunka. Mujallun Afirka kuwa ka leƙa AJOL, shafin da ke tattara su a intanet. In ka samu takardar, da sauran aiki: buɗe ta ka nemo jimlar da aka jingina wa marubucin, don akan samu takarda ta gaske da maganar da mai ita bai taɓa yi ba. Ko da ChatGPT ya haɗa maka da mahaɗin shafi, danna ka karanta. Wadda ba ka gani da idonka ba, goge ta, ko da babi na biyu zai rame. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro. Alƙaluma ma haka: na hauhawar farashi ko rashin aikin yi, je shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko na Babban Banki ka ɗauko da kanka.

Na huɗu, mutanen da ka yi hira da su amana suka ba ka. Cire sunaye da lambobin waya kafin ka liƙa komai. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ba a ma maganar kunya.

Na biyar, rabu da masu shagon buga takardu da ke karɓar kuɗi wai za su "wanke" maka rubutu kada Turnitin, manhajar gano satar rubutu da rubutun AI, ya gane. Jagwalgwala maka jimloli kawai suke yi. Na'urorin ganowar ma suna kuskure, ita kanta OpenAI ta janye tata a Yulin 2023 saboda rashin daidaito. Abin da zai kare ka in an zarge ka shi ne tarihin aikinka, don haka yi rubutu a Google Docs inda kowane gyara ke da kwanan wata, ka kuma ajiye takardun da malam ya yi wa jan biro.

Sauran mai sauƙi ne. Faɗi a cikin aikin wace manhaja ka yi amfani da ita da abin da ta yi maka. Tsarin rubuta manazarta na APA yana da yadda ake rubuta hakan. Sannan kafin difens ka ba wani abokinka kundin ya buɗe kowane shafi ya tambaye ka. Sakin layin da ka kasa bayyanawa da baki, sake rubuta shi a daren.