Karenka na ta cizon ƙafarsa ba dare ba rana? Ga ta inda za ka fara

In kare ya kama lasar ƙafa yana gwaguyarta har da gurnani, dan Allah kar ka ce iskanci ne ka ɗauko bulala, ƙaiƙayi ne ko zafi ke cinsa kuma tsawa ba za ta hana shi ba. Ka fara lura tukuna, ƙafa ɗaya yake ci ko dukkansu? Daga nan za ka san hanyar da za ka bi.

In ɗaya ce, yawanci wani abu ne ya shige. Nan Damagaram kowa ya san karangiya, daga ƙarshen damina har cikin hunturu tana nan ko'ina, ga tsidau, ga fasassun kwalabe a bola. Ka samu wanda zai riƙe maka kansa, a ɗaure bakin da tsumma a hankali don ko karen da ya saba da kai zai iya kai cizo in an taɓa wurin ciwo, sai ka haska fitilar waya ka buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ƙaya, ka duba kaska don tana son maƙalewa can cikin lungun yatsu, ka duba ko farce ne ya tsage. Da damina kuma akwai wani ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce a ciki, ka toshe ramin da basilin, bayan ɗan lokaci ka matsa a hankali za ta fito. A Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 yashi ma kaɗai ya isa ya ƙona masa tafi, in ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka kasa jurewa to shi ma ba zai iya ba, kar a ɗaure shi a rana.

To amma in ƙafafun ne duka, ga soshe kunne, ga ciki da hammata sun yi ja, gashin tsakanin yatsu ya rine ya koma ja-ja saboda yawu, to nan sai a yi zargin alerji, jikinsa ne bai jituwa da wani abu. Abu uku ne suka fi kawo shi, ƙuma, da abin da ke cikin iska da ƙasa, da kuma abinci. Ni dai shawarata a bi su a jere, kar a tsallake.

A fara da ƙuma don ita ce mai sauƙi. Wani zai ce ai na duba ban ga ko ɗaya ba, to karen da jininsa bai son yawun ƙuma cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci. Ka taje gashin gindin wutsiya a kan farin ƙyalle mai danshi, in baƙin gari-gari ya zubo kuma ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Maganinta akwai na ɗigawa a bayan wuya irin su Frontline, akwai na haɗiya irin NexGard na wata ɗaya da Bravecto mai kai sati 12, dukkansu da nauyin kare ake ba da su shi ya sa sai ka bi ta hannun likitan dabbobi. Kuma ka sani mafi yawan ƙumar ba a jikinsa take ba, ƙwai da tsutsotsinta suna cikin ƙasar da yake kwanciya da tsohon buhun da aka shimfiɗa masa. A share wurin, a wanke shimfiɗa a shanya a rana, a yi wa sauran karnukan gidan magani lokaci guda, a jure wata 3 ba fashi. Amma kar a kuskura a ɗiga wa kyanwa maganin kare, wani yana kashe ta.

Na biyun shi ne mai wahala, ƙura da garin furen ciyawa da ƙananan ƙwarin da ido bai gani. Yakan fara tun kare na tsakanin wata 6 zuwa shekara 3, kuma za ka ga yana da lokaci, wani da damina yake tashi wani sai iskar hunturu ta kaɗa. Wannan gaskiya ba a warkewa kwata-kwata, lallaɓa shi ake. Abin da ya fi taimako kuma ba ya cin kuɗi shi ne wanke ƙafa duk yamma in ya dawo yawo ko farauta. Na san yadda ruwa yake a garin nan, mai sayen ruwa wurin ƴan garuwa ba zai so a ce masa ya yi wa kare wanka kullum ba, to ba wanka na ce ba, ɗan ruwa a roba ya isa, ka tsoma ƙafa ɗaya-ɗaya ka cuɗa tsakanin yatsu sannan ka tsane da tsumma sosai. Tsanewar nan kar ka raina ta, danshi ne ke jawo naman gwari da ƙwayoyin cuta, shi ne za ka ji ƙafar na wani wari mai tsami. In wurin ya yi ja ka ɗiga Betadine, wato maganin wanke ciwo, a ruwan har ya yi kalar shayi mara kauri, ka jiƙa na minti 5. Omo da sabulun wanki kuwa bushe fata suke su ƙara ƙaiƙayin.

In ƙaiƙayin bai san rani ko damina ba, ko yana haɗawa da zawo, sai a juyo kan abinci. Naman shanu, madara, kaza da alkama su aka fi kamawa da laifi. Gwajin shi ne ka zaɓi nama ɗaya da bai taɓa ci ba, misali na raƙumi, ka dafa da dankali ba gishiri ba magi, shi kaɗai zai ci sati 8. Nan ake faɗuwa wallahi, don yaro zai jefa masa guntun burodi, uwargida ta zuba masa ragowar tuwo da miya, shikenan aiki ya koma baya, sai ka tara mutanen gida ka yi musu bayani tun farko. In ya samu sauƙi ka maido tsohon abincin, in ƙaiƙayi ya dawo cikin sati 2 ka gano. Miya mai albasa da tafarnuwa dama ba ta dace da kare ba, tana lalata masa jini.

Abin da ke ƙona min rai shi ne baƙin mai. Har yanzu za ka ga an shafe kare da baƙin man mota ko kananzir ko an fesa masa piya-piya wai maganin ƙazuwa, alhali dabba ce mai lasar jikinta, guba ka ba ta kai tsaye. Haka ibuprofen da diclofenac na mutane suna huda masa ciki su taɓa ƙoda. Dexa kuma, wato ƙwayar dexamethasone mai kwantar da kumburi da ake saye a teburin masu magani, tana tsayar da susa nan take shi ya sa mutane ke sonta, amma in aka daɗe ana bayarwa sai kare ya yi ta shan ruwa da fitsari, garkuwar jikinsa ta yi rauni, ciwon fatar ya ƙara bazuwa. Allurar ivermectin ma, maganin tsutsa da ake yi wa shanu, kar ka ƙiyasta yawanta da ido.

Kafin ka samu likita ka hana bakin kaiwa ga ƙafar, ka yanke gindin tsohon bokitin roba ko kwali mai kauri ka sa masa a wuya, ka naɗe bakin bokitin da tsumma kar ya yanke shi, ya zama yana iya ci da sha. Amma in ka ga kumburi, ko mugunya, ko ɗingishi, ko gashi na zuba fata ta yi kauri, kar ka jira, ka kai shi ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi a kankare fatar a duba ko ƙazuwa ce, don ita ma haka take farawa kuma maganinta daban ne. Ka riƙe watan da abin ya fara da abin da yake ci da duk abin da aka taɓa shafa masa ka faɗa wa likita, in ba a yi masa rigakafin ciwon haukan kare ba a haɗa a yi ranar.