Yadda Za Ku Karanta Sakamakon Gwajin Kansar Nono

Da zarar an tabbatar wa mace tana da kansar nono, tambayar da iyali ke fara yi ita ce, “Likita, za ta tashi?” Rai na hannun Allah. Amma abubuwan da likita ke dubawa kafin ya yi hasashe a rubuce suke cikin takardar gwajin tsokar da aka gutsiro ko aka cire. Ku nemi a ba ku kwafinta, ku ɗauki hotonta a waya, ku zauna da biro.

Ku fara da harafin T, girman ƙullutun ke nan. T1 bai wuce santimita 2 ba, kamar gyaɗa mai ɓawo. T2 daga nan zuwa santimita 5, T3 ya haura 5. T4 kuwa ciwon ya kama fata ko bangon ƙirji, ko da ƙullutun ƙarami ne: fatar ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, ko ta fashe ta zama gyambo.

Harafin N ya fi girman ƙullutun nauyi wajen hasashe. Yana nuna kaluluwar hammata nawa ciwon ya shiga. In kun ga 2/14, an ciro guda 14, an sami ciwon a 2. Daga 1 zuwa 3 N1 ne, 4 zuwa 9 N2, 10 zuwa sama N3. M1 na nufin ya kai ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne mataki na 4, inda ake magani don a danne ciwon, a rage zafi, a kuma yi aikin yau da kullum cikin sauƙi. Akwai masu yin shekaru a haka, don haka kada a tattara a koma gida.

Layin da aka rubuta Grade yana faɗin zafin ƙwayoyin ciwon: 1 mai tafiyar hawainiya, 3 mai gaggawa. Likitocin Nottingham a Ingila sun haɗa girman ƙullutu, kaluluwa da zafin ƙwayoyin cikin lissafin da za ku iya yi da kanku bayan tiyata. A ninka girman ƙullutun a santimita da 0.2. A ƙara maki 1 in babu ciwo a kaluluwa, 2 in ya shiga guda 1 zuwa 3, 3 in ya fi haka. Sai a ƙara lambar zafin. Ƙullutu mai santimita 3, kaluluwa 2, zafi 2, ya ba da 0.6 da 2 da 2, jimla 4.6. Abin da bai wuce 3.4 ba hasashensa mai kyau ne, zuwa 5.4 matsakaici, sama da haka sai an ɗaura ɗamara. Lissafin jagora ne wajen zaɓen magani, bai san kwanan kowa ba.

Inda aka fi yin asara shi ne layukan ER, PR da HER2, masu nuna irin maganin da ciwon zai ji, domin sau da yawa ba a yin gwajin saboda kuɗinsa daban. Ku matsa a yi. In ER ya nuna akwai, ciwon yana rayuwa da sinadarin jikin mace, kuma ƙwayar tamoxifen mai miligiram 20, ɗaya a rana tsawon shekara 5 zuwa 10, tana rage dawowarsa sosai, ga arha. Irin wannan yakan dawo ko bayan shekara goma, don haka jin sauƙi ba dalilin ajiye ƙwayar ba ne. HER2 mai 3+ ciwo ne mai sauri, amma yana jin allurar trastuzumab, duk mako uku na shekara guda, ana duba zuciya. In 2+ ne, sai an ƙara wani gwaji a tantance. In duka ukun babu, tamoxifen ba zai yi komai ba, kemo, wato ruwan maganin kansa da ake sawa ta jijiya, shi ne makaminsa. Wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, yakan kama masu ƙananan shekaru, kuma in zai dawo ya fi dawowa cikin shekaru uku zuwa biyar na farko.

Sakamakon nan yana iya lalacewa tun kafin a kai ɗakin gwaji. Dole tsokar ta shiga fomalin mai kashi 10, ruwan da ke hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya da cirewa, ruwan ya shanye kanta gaba ɗaya, ta yi awa 6 zuwa 72 a ciki. In aka miƙa wa ɗan'uwa ita a roba da ruwan gishiri ya kama hanyar mota, ER na iya fitowa babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai taimake ta. Kafin a shiga tiyata ku tambayi ma'aikaciyar jinya ko an tanadi fomalin.

Sauran abin da ya rage yana hannunku. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mizani uku: a gano kashi 60 cikin 100 na masu ciwon a mataki na 1 ko 2, a kammala bincike cikin kwana 60, kashi 80 kuma su ƙarasa magani. Na ƙarshen nan ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Kemo yakan zo zagaye 6 zuwa 8, duk mako uku. Bayan na biyu ƙullutun ya motse, gashi ya zube, kuɗi ya ƙare, sai a ce an warke. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai. Ku lissafa kuɗin zagayen duka tun farko, ku raba wa dangi. Kada a bari wanzami ya yi sakiya, domin raunin ba ya rufewa kuma watanni ne ke tafiya. In an rubuta a gasa wurin ciwon da na'ura, ku kira cibiyoyin Shika, Sakkwato da Abuja ku kama layi tun ana kemo. In zafin jiki ya kai 38 bayan an sa ruwan kemo, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.